Kunyar Da Ba Taka Ba

Ina so in yi maka wata tambaya, ba sai ka amsa mini ba, ka amsa wa zuciyarka.

Ka taɓa zama a wurin suna ko ɗaurin aure, wani ya miƙe zai yi magana gaban jama'a, sai maganar ta ɓace masa? Ya ce, "To, jama'a," ya yi shiru. Ya sāke cewa, "To, jama'a," bakinsa yana rawa. Ba kai ne a tsaye ba, ba kuwa ɗan'uwanka ba ne. Amma ga wuyanka ya ɗau zafi, ka sunkuyar da kai kana tonon ƙasa da tsinke, kana ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. Ko kuwa ran Lahadi a kasuwar Filinge, ka ga mace ta sa an auna mata hatsi tiya biyu, ta kwance bakin zanenta, ta ƙirga, ta sāke ƙirgawa, kuɗin bai kai ba, mai awo ya juye hatsinsa cikin buhu gaban mutane. Kai da kake wucewa kawai, me ya sa ka kau da fuska?

Ka lura kuma da wannan. Mutum uku suna zaune kan tabarma ɗaya, abu ɗaya suka gani. Na fari ya sunkuya, gumi yana keto masa. Na biyu ya tuntsire da dariya. Na uku yana cin goronsa, in ka tambaye shi daga baya sai ya ce bai ga wani abin magana ba. Uwa ɗaya takan haifi dukansu uku. A kan waɗannan mutum uku nake so mu yi magana, gama kana cikinsu, ni ma haka.

Mu mutanen Kurfai an raine mu da kunya tun muna goye. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Saurayi yakan sāke hanya in ya hango surukinsa. Maƙwabtanmu a wannan kwari na Dallol Boso kowa yana da sunan da yake kiran abin: Zabarmawa suna cewa haawi, Buzaye suna cewa takarakit, Filani suna cewa semteende. Duk wannan kunyar mutum ce a kan kansa. Amma wadda nake faɗa maka daban take. Kunya ce ta wani, ta tsallako ta hau kanka ba da izininka ba.

Masana ma sun bi diddiginta. A shekara ta 2011 waɗansu malaman jami'ar Marburg ta ƙasar Jamus, Sören Krach da abokan aikinsa, suka nuna wa mutane zane-zanen waɗansu da suka shiga halin kunya, suna duban ƙwaƙwalwarsu da na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin kai. Suka tarar wuraren da sukan motsa sa'ad da mutum ya ga wani yana shan azaba a jikinsa, su ne suka motsa. Suka tarar kuma waɗanda suka fi tausayi abin ya fi ƙarfi a gare su. Har in wanda ya yi abin kunyar bai ma san ya yi ba, mai kallo yana jin zafin. Watau ba ragwanci ba ne, ba kuma iyayi ba. Haka Mahalicci ya ƙera mu, zafin wani yana da ƙofar shiga jikinmu, sai dai ƙofar wani ta fi ta wani faɗi.

Ni ƙofata mai faɗi ce. Tun ina makarantar mishan, in malam ya tsai da yaro gaban allo ya kāsa karatu, ni ne nake kāsa cin tuwon rana. Shekara da shekaru ina lissafin wannan a kan nagarta ce tawa. Nakan dubi masu dariya da masu cin goro in ce a raina, waɗannan ba su da zuciya. Bari in gaya maka ranar da Allah ya nuna mini kuskurena.

A bayan mota

Ka tuna da 2005. Fara ta sauka a 2004, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Kafin damina ta yi nisa buhun hatsi ya kai jika 30 a waɗansu kasuwanni, mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki domin ɗacinta ya fita. Da fari gwamnati tana sayar da hatsi da rahusa, sai cikin watan Agusta aka soma rabon kyauta.

Akwai wani dattijo abokin mahaifina, Baba nake ce masa. A yunwar 1984 ƙofar gidansa ba ta rufuwa, na ci tuwon gidan nan da hannuna ina yaro. Ran rabo na hange shi a cikin layi, ya naɗe buhu ya ɓoye a ƙarƙashin rigarsa. Da ya kai gaban tebur, yaron da yake riƙe da takarda ya bi sunaye da yatsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce sunansa ba ya ciki, ya matsa ya ba na baya wuri. Baba ya yi murmushi ya ce, "Ba kome, ɗana." Ya juya a hankali.

Tsakanina da shi bai fi taki goma ba. Kunya ta rufe ni har idona ya yi duhu. Me na yi? Na zagaya bayan motar da ta kawo hatsi na tsaya, kada idonmu ya haɗu. Na ce wa kaina kara nake yi masa, gama in ya san na gani abin zai fi yi masa ciwo. Mako uku ban bi ta lungunsu ba. In na tuna da fuskarsa sai cikina ya juya, don haka na daina tunawa.

A unguwarmu akwai wani mai amalanken jaki, Musulmi ne, mutum mai ƙaton murya da baƙar magana, irin wanda in ka zame cikin taɓo shi ne zai fara dariya. Shi ma yana wurin. A daren nan ya ɗora rabin buhu a amalankensa, ya je ya yi sallama, ya ce, "Baba, ga bashin da mahaifina ya ci a gidan nan shekarar 84. Karɓi abinka, ka sauke mini nauyi." Ya ajiye ya tafi, bai tsaya a yi masa godiya ba. Da labarin ya iso mini, na tambaye shi ko ƙarya ya shirya. Ya ce wace ƙarya, ai wata biyu gidansu yana ci daga rumbun nan. Na ce, "Kai ba ka ji kunya ta kama ka ba ran nan?" Ya dube ni kamar na yi masa Turanci, ya ce, "Kunyar me, Malam? Ni dai buhu na gani ba kome a ciki."

Ya mai karatu, tsakanina da mai amalanke, wa ya ji tausayin Baba?

Kunyar wa kake ji?

Akwai wani abu kuma da ya kamata ka bincika. Sau da yawa abin da muke kira jin kunya domin wani, a gaskiya tsoro ne kada a lissafta mu tare da shi. Tarihin ƙasarmu yana da misalin wannan.

Wajen 1925, a Shikal kusa da Filinge, wata mace mai suna Shibo ta soma hawan waɗansu sababbin iskoki. Mu nan Babule muke ce musu, a yamma kuwa Hauka. Masu hawa sukan kwaikwayi sojan Nasara da hafsoshinsu, da tafiyarsu da tsawarsu. Samari da yawa suka bi ta, suka ƙi bin umarnin sarki Gado Namalaya wanda Faransawa suke goyon bayansa. Kwamandan Yamai, Crocicchia, ya sa aka kama su aka kai su can aka tsare. Abin bai mutu ba, har shi kansa kwamandan ya zama ɗaya daga cikin iskokin, suna ce masa Kwamanda Mugu. 'Yan cin rani suka tafi da abin har Gwalkwas, wadda ta zama Gana a 1957. A can ne wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya ɗauki silimar taronsu kusa da Akra a 1954: mutane suna kumfa a baki, idanu a juye, har da yanka kare.

Sa'ad da aka fara nuna silimar a birnin Pari, zauren ya rikice. Malamin Rouch, Marcel Griaule, ya ce a hallaka ta. 'Yan Afirka masu ilimi da suke wurin suka husata, gama sun ga za a ce haka baƙar fata duka suke. Ingilishi kuwa suka hana nuna ta a Gwalkwas, da yake gwamnansu ne ake kwaikwayo.

Ka san ni ba mai bori ba ne, ba kuwa ina kāre shi ba. Ba na kuma ganin laifin ɗaliban nan, sun san irin idon da ake kallonsu da shi a ƙasar mutane. Amma na sha tambayar kaina, da ina zaune a zauren, zafin da zan ji na wane ne? Na mutanen da suke cikin hoton, ko nawa? Su dai talakawan ƙasarmu ne, waɗanda haraji da aikin tilas da yunwa suka kai su bakin teku, 'yan dako da masu haƙar rami. Silimar da kanta ta nuna su kashegari a bakin aikinsu, lafiya lau. Ina tsammani da ni ne, da sai in yi fatan a kashe fitilar domin kada Bature na kusa da ni ya juyo ya dube ni. Wanda yake cikin wannan hali ba ya tambayar me ya kai mutum nan. So yake kawai mutumin ya ɓace masa daga gani.

Haka ɗan lakwal yake ji in tsohuwarsa ta zo daga ƙauye ta zauna a ƙasa gaban abokansa. Haka mu ma muke ji a ikkilisiya in wani sabon ɗan'uwa ya tashi yin addu'a yana tuntuɓe da harshe, alhali akwai baƙi. Ka gwada zuciyarka da wannan: in zafin ya sa kana so ka matsa kusa da mutumin, nasa ne. In ya sa kana so a san ba ruwanka da shi, naka ne.

Mayafi a kafaɗa

Littafin Farawa sura 9 ya ba mu labarin Nuhu bayan ruwan tsufana. Ya dasa inabi, ya sha, ya bugu, ya kwanta a tsiraice cikin alfarwarsa. Wannan mutum ne da Allah ya ceci duniya ta hannunsa, ga shi kuwa cikin abin kunya. Ɗansa Ham ya gani, ya fita waje ya ba 'yan'uwansa labari. Shem da Yafet suka ɗauki mayafi, suka ɗora a kafaɗunsu su biyu, suka shiga da baya da baya, suka rufe mahaifinsu ba tare da sun dube shi ba.

Tun ina yaro ake koya mini wannan labari, kullum a kan laifin Ham. Sai bayan 2005 na ga akwai hanya ta uku wadda ba wanda ya bi a cikin labarin, ita ce tawa. Shem da Yafet suna iya tsayawa a waje, kansu a sunkuye, suna cewa kaito, ba za mu iya ganin wannan ba. Da kowa ya yabe su a kan 'ya'ya masu kunya ne, tsoho kuwa yana nan kwance yadda yake. Amma sun kau da ido, ƙafafunsu suna shiga ciki. Ni a bayan mota na kau da ido, ƙafafuna suka bi idon.

Aikin Ham kuwa ya yi sauƙi a zamaninmu. Dā sai mutum ya taka da ƙafarsa ya je ya ba da labari, mutum biyar su ji. Yanzu tsoho ya yi tuntuɓe, ko yarinya ta yi kuskure, kafin a ɗaga su wani ya ɗaga waya. Kafin la'asar hoton ya bi WhatsApp ya kai Yamai, ya kai Kwatano da Legas wurin 'yan cin rani. Ka kuma lura, ba masu dariya kaɗai suke turawa ba. Mai taushin zuciya ma yakan tura, ya rubuta a ƙasa, "Wayyo, abin tausayi." Wanda aka tona wa asiri bai ga bambanci tsakanin su biyun ba.

Kada ka juya maganata. Rufin asiri ba shi ne a ɓoye wanda ya ci zalin yarinya ko ya saci hatsin taimako ba. Wannan haɗa kai ne da mugunta, wanda aka zalunta shi ne mai bukatar mayafi. Ina magana ne a kan wanda rauni, ko rashi, ko tsufa, ko wauta ta ƙwace masa sutura gaban mutane.

Hali zanen dutse?

Watakila za ka ce, "Ni haka aka halicce ni." Tun dā mutane suna son kasa hali kashi kashi. Likitocin Helenawa, Hifokratis da Galen, sun ce ruwa huɗu ne a jikin mutum, jini da majina da ruwan matsarmama iri biyu, wanda ya rinjaya shi yake ba mutum halinsa. Likitoci sun bar wannan koyarwa tuntuni. Yau kuma samari suna amsa tambayoyi a waya, a ba su haruffa huɗu a ce wannan ne irinka. Ba na musu cewa halitta ta bambanta, na gani a cikin 'ya'yana. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya mai da halinsa wurin ɓuya, mai tauri ya ce ba ya ji, mai taushi ya ce ya ji da yawa har ba zai iya zuwa ba.

Dubi Bulus da Barnaba. Barnaba mutum ne mai taushi, ainihin sunansa Yusufu, manzanni ne suka sa masa laƙabi saboda yadda yake ƙarfafa mutane. Bulus kuwa kaifi ɗaya ne. Saurayin nan Yahaya Markus ya bi su tafiyar bishara, ya gudu ya bar su a Bamfiliya. Da za a sāke tafiya, Barnaba ya so a ba shi zarafi na biyu, Bulus ya ƙi, suka yi gardama mai zafi har suka rabu. Kana iya karanta wannan a Ayyukan Manzanni sura 15. Barnaba ya ɗauki yaron da aka ƙi zuwa Kubrus. A ƙarshen ransa Bulus da kansa ya aika a kawo masa Markus domin yana da amfani. A nan mai taushi ne ya yi daidai.

Amma ka buɗe Galatiyawa sura 2. A Antakiya Bitrus yana cin abinci tare da 'yan'uwa waɗanda ba Yahudawa ba. Da waɗansu baƙi suka zo daga Urushalima, sai ya janye jikinsa, har Barnaba ma ya bi shi. Ka yi tunanin mutanen da aka tashi aka bari da akushi a gabansu. Mutumin da yake jin idon kowa a jikinsa, idon baƙi ya fi ƙarfinsa ran nan. Bulus mai taurin kai ne ya miƙe ya tsaya musu. Ashe ikkilisiya tana bukatar su biyun, kowannensu kuwa yana da ranar da halinsa zai kāshe shi in bai yi tsaro ba.

Kai mai taushi, Allah ya ba ka ido mai gani da wuri. A bikin Kana ta Galili, Maryamu ce ta lura ruwan inabi ya ƙare tun baƙi ba su sani ba. Ba ta fita ta bar gidan don kada ta ga kunyar ango ba, ta je ta faɗa wa wanda zai iya. Ubangiji Yesu kuma ya yi aikin a ɓoye, ma'aikata ne suka san inda abin ya fito, shugaban biki ya kira ango ya yaba masa. Kai kuma mai tauri, Allah ya ba ka ƙafa wadda ba ta rawa, kana iya shiga inda mu muke daskarewa. Sai dai ka kama dariyarka, ka kuma roƙi Allah ya koya maka dubawa, tun da jikinka ba ya faɗa maka da kansa.

Shi Yesu Almasihu bai tsaya nesa yana jin kunyarmu ba. An tuɓe shi a fili, an yi masa ba'a, an rataye shi a bakin hanya inda masu wucewa suke kaɗa kai. Ya shiga tsiraicinmu domin ya suturta mu a gaban Allah. In akwai abin da kake ɓoyewa wanda in ya fito ba za ka iya ɗaga kai ba, ya riga ya gani, bai kuwa zagaya bayan mota ba.

Ba sai ka je nesa neman inda za ka gwada wannan ba. Tun 2012 'yan gudun hijira daga Mali suka sauka a Abala, a shekarun da suka biyo kuma tashin hankali ya kori mutanen ƙauyuka da yawa na arewacinmu daga gidajensu. A cikinsu akwai masu rumbu da garke a dā, waɗanda ba su taɓa miƙa hannu ba. Za ka gane su, su ne sukan tsaya a ƙarshen layi.

Ni dai bayan mako uku na tattara ƙarfina na je gaishe da Baba, da 'yar tiya huɗu a cikin ƙwarya. Na same shi a zaure yana tufkar igiya. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya ɗaya da sunansu, ya sa albarka a kan hatsin. Na ji daɗi a raina cewa bai san kome ba. Da na tashi zan tafi, ina sa takalmi, sai ya ce, ba tare da ya ɗaga kai daga igiyarsa ba, "Ɗana, na gan ka ran nan a bayan mota. Na so ka zo ka kama mini hannu, gama ƙafata tana rawa, hanyar gida kuwa ta yi mini nisa."